Matar da Ta Wanke Yashi

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo Tas ta yi tana goge ƙasa a wani babban asibiti, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya nuna wani lungu da yatsa ya ce, "Nan fa?" ba. Sunan ma a can ta samo shi. Ma'aikatan jinya ne suka laƙaba mata, don in ta gama da ɗaki ka tambaya ko an wanke, amsa ɗaya ce: tas. Tun tana hararar masu kiranta haka har ta gaji ta fara amsawa.

Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma hannuwanta sai ka ce na wani aka ara mata: manya, masu kaushi, fatar yatsun ta yi fari-fari saboda bilic, ruwan maganin wanke ƙasa. Tana da tsarin aikinta da ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Daga can ƙuryar ɗaki take farawa, tana ja da baya, tana ja da baya, har ta fito bakin ƙofa, don kada ko sawunta ya rage. Bokiti biyu, ɗaya na magani, ɗaya na ɗauraya. Tsumman ƙasa daban, na ƙarfen gado daban, na mariƙin ƙofa daban, kuma duk wanda ya kuskura ya haɗa mata su, to ranar zai ji abin da bai taɓa ji ba. In an sallami mara lafiya, ko Allah ya yi masa rasuwa, ita ake kira. Minti ashirin, gadon ya koma kamar ba a taɓa kwanciya a kansa ba. Abin alfaharinta ke nan. Mutum ya yi wata uku a wuri yana tari, yana zufa, yana nishi, ita kuma ta zo ta ɗauke shi daga wurin kaf, har da warinsa.

Gwiwoyi ne suka ci amanarta. Wata safiya ta durƙusa za ta leƙa ƙarƙashin gado, tashi ya gagara, sai da mutum biyu suka kama ta. Ba a jima ba aka yi mata sallama da aiki, aka tafa mata, aka ɗauke ta hoto tana rungume da wani agogon bango. Mijinta ya riga ya rasu da shekara shida, manyan 'ya'yan sun watsu, sai Auta, ƙaramar cikinsu, ta ce ita kam ba za ta bar uwarta ita kaɗai ba. Ta kwaso ta zuwa gidansu, hawa na uku a wani dogon bene, inda take zaune da mijinta, direban motar haya, da jaririyarsu da kowa ke kira Kumatu, kuma in ka gan ta ba sai ka tambayi dalili ba.

Aka ba Gwaggo ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bayan gida, inda tankin ruwa yake da igiyoyin shanya. Daga nan fa sai magana ɗaya: "Mama, ki huta." "Mama, ajiye tsintsiyar nan." "Mama, don Allah ki zauna, na riga na goge." Ba da mugunta ba, wallahi, so ne tsagwaronsa. Amma ita ba ta iya hutu ba, ba wanda ya taɓa koya mata. Ta share ɗakinta da sassafe, ta goge, kafin hantsi ya ɗaga ta gama, sai yinin ya miƙe a gabanta ba iyaka.

Bayan azahar rana kan shigo ta tagar nan ta kwanta a tsakar ɗakin. Gwaggo ta zauna a kujerarta, ido rabi a rufe, sai doguwar barandar asibitin ta dawo mata. Jiƙe take, tana ƙyalli, fitilun sama suna yawo a cikinta. Tana ja da baya da tsummanta, barandar kuma ba ta ƙarewa. Wani lokaci ƙafafunta su bar ƙasa, ta ji tana tafiya a hankali a kan danshin, bokitanta biyu na biye da ita su kaɗai, gwiwoyin ba sa ciwo, ba mai ce mata ta zauna. Ba barci ba ne, ba kuma ido biyu ba. A haka take cinye yini.

A cikin irin wannan halin ne ta fara jin kukan. Da farko ta ɗauka tayar gadon marasa lafiya ce da ba a sa wa mai ba, har ta buɗe baki za ta yi faɗa. Sai ta farga a ɗakinta take, kukan kuma daga ƙasa yake tasowa, siriri, ba ya yankewa. Hawa uku ta sauka tana dafa bango. A bayan tankin ruwa ta same ta, 'yar kyanwa da ba ta wuce tafin hannu ba, ido ya manne da kwantsa, jiki duk laka. Abin da ya fara fitowa daga bakin Gwaggo shi ne, "Kai, wannan ƙazanta da me ta yi kama!" Sannan ta naɗe ta a tsumma ta hau da ita.

Sau uku ta wanke ta da ruwan ɗumi, tana mamakin irin dauɗar da ta ƙi fita. Sai da Auta ta leƙo ta fashe da dariya ta ce, "Mama, ki bar baiwar Allah haka, ai launinta ke nan." Shi ke nan aka sa mata Toka.

Cikin sati biyu Toka ta murmure, ta fara bin igiyar labule, tana kai wa inuwarta hari. In rana ta shigo ɗakin, sai ta hau cinyar Gwaggo ta dunƙule daidai kan gwiwar da ta fi ciwo, da ɗuminta da ɗan gurnaninta. Gwaggo ta so kyanwar nan, so na gaske, irin wanda take jin kunyar a gane. Dalilin kuwa a fili yake. A duk gidan nan kowa yana ƙaunarta, amma Toka ce kaɗai ke bukatarta. Ita kaɗai ce in Gwaggo ba ta tashi ba, ba za ta ci abinci ba.

Direba, mutumin kirki ne mara yawan magana, shi ya kawo wani tsohon tire mai zurfi, ya ɗebo yashi a inda ake gini a bakin titi, ya ce a zuba mata ta riƙa zagayawa a ciki. Kwana biyun farko lafiya lau, Toka ta shiga ta yi abinta ta binne. Daga rana ta uku ta juya wa tiren baya. Ta yi a ƙarƙashin teburin falo. Ta yi a bayan buhun gawayi. Wata safiya Direba ya zura ƙafa a takalminsa, ya tsaya cak, ya dubi sama, ya cire ƙafar a hankali ya nufi banɗaki da ɗingishi. Gwaggo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A gaban suruki!

Abin ya zo ƙarshe ne ranar Lahadi. Kumatu ta fara rarrafe a satin, kuma duk abin da hannunta ya kai, bakinta ne masaukinsa. Auta ta fito daga kicin ta tarar da ita a kan tabarmar wasanta, saura taki ɗaya tsakanin hannunta da abin da Toka ta ajiye. Ta sure 'yar da ihu. Da ta dawo daga wanke ta, idonta ya yi ja, amma muryarta a ƙasa take.

"Mama, kin san ba na son ɓacin ranki. Amma ki duba yarinyar nan. Na ba ta daga yau zuwa Asabar. In ba ta daina ba, baban Kumatu zai kai ta gareji, suna neman mai kama musu ɓera."

Gwaggo ta san da gaskiyar Auta. Ita da ta yi shekara talatin tana faɗa da mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Da 'yar wani ce ta ajiye kyanwa mai ɓata wurin jariri, da ita ce ta farko da za ta ce a fitar da ita. Ta san garejin kuwa: baƙin mai, tayoyi, manyan motoci suna ja da baya ba mai duba ƙasa. Ta koma ɗaki ta zauna, Toka ta zo ta hau gwiwarta kamar ba ita ta yi ba.

To, a ganin Gwaggo, dabba ba ta ƙin wuri sai in wurin bai yi tsabta ba. Ita ma da aka ba ta banɗaki mai datti ai ba za ta shiga ba. Saboda haka ta ɗaura ɗamara. Da ma tun ranar farko, da zarar Toka ta fito daga tiren take kwashe yashin ta wanke tiren da bilic. Yanzu ta ƙara da wanke yashin kansa. Ee, yashin. Ta zuba shi a bokitin magani ta cuɗa, ta juye a na ɗauraya, ta tace da tsohon labule, ta baza a tire a bakin taga har ya bushe ya yi fari sol. Ta jera tiren da kwanon abinci da na ruwa a layi ɗaya, a miƙe, yadda ake jera kaya a gefen gadon mara lafiya. Sannan ta ja kujera ta zauna a kai da tsintsiya da abin kwasar shara, don in ƙwayar yashi ɗaya ta faɗo ƙasa ta tare ta.

Toka ta zo ta sunsuna tiren, ta yi atishawa sau biyu, ta dubi Gwaggo, ta dubi tsintsiyar, ta fice. Litinin ta yi a bayan ƙofar falo. Talata ta koma wa ɗaya takalmin Direba, don kada ya ji an yi masa rabin aiki.

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo ta tsaya a tagar falo, zuciyarta a cunkushe, tana kallon bakin titi. A can ƙasa, gefen ƙofar shiga benen, akwai rumfar wata mata mai sayar da kifi. Wata takwas Gwaggo na wucewa ta gabanta tana riƙe numfashi, gaisuwa ma da ka take yi, don kada ta buɗe baki warin ya shiga. Yau sai ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Kyanwoyi huɗu ne a rumfar, ɗaya a kan benci, biyu a inuwa, ɗaya na lasar ƙafa, kuma ƙasan rumfar, ban da ɓawon kifi, ba komai. Ta ga ɗaya ta tashi ta zagaya bayan rumfar inda wani tsohon baho mai yashi yake, ta jima kaɗan, ta dawo. Gwaggo ta haɗiye girman kanta da ƙyar, ta sauka.

Mai Kifi ƙatuwar mace ce, sa'arta ko ta ɗan girme ta, mai dariya da dukan jiki. Ta saurari labarin tana kankare kifi, sannan ta goge hannu a gaban zaninta ta ce, "Gwaggo, ashe kina magana? Ni na ɗauka sai da ka. Mu je in gani." Ta bar wa maƙwabciyarta rumfar, suka hau tare, ɗaya na nishin gwiwa, ɗaya na nishin ƙiba.

Tana sa ƙafa a ɗakin ta ja baya, ta kama hanci, hawaye ya cika mata ido. "Wayyo ni! Nan ɗakin kwana ne ko ɗakin tiyata?" Ta sunkuya ta ɗebi yashin ta kai hanci, sai tari ya sarƙe ta. "Me kika yi wa yashin nan?"

"Wanke shi na yi," in ji Gwaggo, har da ɗan alfahari.

Mai Kifi ta zauna daɓas a ƙasa ta yi dariya har tana dukan cinya. "Yashi! Kin wanke yashi! Jama'a, ku zo ku ga inda aka wanke yashi!" Gwaggo ta tsuke baki, ta ji kamar ta nuna mata ƙofa. Da dariyar ta lafa, matar ta share ido ta yi magana a hankali.

"'Yar'uwa, ita kyanwa ba da ido take gane wurinta ba, da hanci ne. Inda ta ji warinta, nan ne nata. Ke kuma duk sanda ta bar miki alama sai ki bi ki goge, ki zuba mata abin da ke ƙona hanci. Ta dawo ta tarar ba ita a wurin. To ina za ta? Dole ta nemi inda ake jin warin mai rai, ko da takalmin surukinki ne. Ga shi kin ajiye mata banɗaki a gefen kwanon abinci. Ke za ki ci a haka? Sannan kin tsaya mata a ka da tsintsiya kamar mai gadin banki."

Ta lissafa mata abin yi. A zubar da wankakken yashin a ɗebo ɗanye. Tsumman da aka goge ɓarnar safiya da shi, kada a wanke, a murza shi a cikin sabon yashin. A mai da tiren bayan ƙofa, nesa da abinci. A riƙe Toka a ɗakin, in ta ci ko ta tashi daga barci a ɗora ta a kai, sannan a juya mata baya. Sau ɗaya a rana a kwashe babban, a bar sauran. Falo da tabarma da takalma kuwa, can Gwaggo ta je ta nuna gwanintarta, ta wanke har warin ya mutu.

"Tiren fa? Yaushe zan wanke?"

"Ba wannan satin ba."

"Zai yi wari."

"Shi ake nema," in ji Mai Kifi, ta miƙe tana dafa bango. A inda ta zauna ta bar ɓawon kifi guda biyu suna ƙyalli. Gwaggo ta jira har ta ji saukarta, sannan ta tsince su.

Ba a taɓa ba Gwaggo aiki mai wuyar wannan ba. Ta ɗauki tsumman nan da yatsu biyu, fuska a yamutse, ta cusa shi cikin yashin da Direba ya sake ɗebowa, tana jin kamar laifi take aikatawa. Da yamma ta ɗora Toka a kai. Toka ta sunsuna, ta daɗe tana sunsunawa, sannan ta sauka ta yi a gefen tiren, a ƙasa. Kusa dai, amma ba ciki ba. Gwaggo ta goge wurin, ta ƙirga kwanakin da suka rage a yatsunta, uku.

Alhamis da safe Toka ta sha madararta, ta yi miƙa, ta nufi bayan ƙofa da kanta. Ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu. Ta fara tono, yashi ya watsu a ƙasan da aka goge ɗazu-ɗazu. Kafin Gwaggo ta san abin da take yi har ta ɗaga daga kujera, hannu ya kai ga tsintsiya. Toka ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, tana kallonta. Gwaggo ta koma ta zauna a hankali. Ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su, ta juya fuska ga bango. Shiru. Can sai ta ji ƙaras, ƙaras, ƙaras, ana binnewa. Tsohuwa da jika, ta zauna tana kallon bango tana murmushi saboda kyanwa ta yi kashi.

Zuwa Juma'a ɗakin ya ɗauki wani ɗan wari. Ba mai yawa ba ne, wani ma ba zai ji ba, amma hancin Gwaggo ba irin na wani ba ne. Ta zauna a kujerarta bayan azahar, rana a kwance a tsakar ɗaki, ƙwayoyin yashi suna ƙyalli a cikinta, Toka a kan gwiwa. Idonta ya fara lumshewa. Wannan karon ba asibiti ta gani ba. Tsohon ɗakinsu ta gani, da ƙusar da mijinta ke rataye rigar aikinsa a bayan ƙofa. Kafinta ne shi, rigar kullum tana warin katako da zufa da ɗan man gashi. Ta ga kanta washegarin rasuwarsa, mutane cike da gida, ita kuma a bakin famfo. Riguna, huluna, zanen gado, matashin kai, duk ta wanke su a yini ɗaya, da bilic, ta shanya, ta goge, ta ninke. Ba wanda ya sa ta. Hannuwanta ne suka yi abin da suka saba yi wa gadon da aka bari. Bayan wata guda, da gida ya yi shiru, ta buɗe akwatin ta ɗauko rigar ta kai fuska. Ba kowa a ciki, sai sabulu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasan akwati, ba ta same shi ba.

Shekara shida ba ta gaya wa kowa wannan ba, ba ta ma yarda ta gaya wa kanta ba. Yanzu ta zauna hawaye na bin kumatunta, tana jin kewar mutumin nan kamar jiya ya tafi, tana jin haushin hannuwanta. Toka ta ɗago ta dube ta, ta yi hamma, ta koma barci.

Asabar da hantsi Direba ya shigo da kwalin ɗaukar Toka, ya huda masa ƙofofin iska da ƙusa. Bai dubi kowa ba, ya ajiye shi a bakin ƙofar falo, ya tsaya yana wasa da makullin mota. Auta ta zo ɗakin Gwaggo da Kumatu a kafaɗa.

"Mama, yau ce Asabar."

"Tun Alhamis ba ta yi a ƙasa ba. Ko sau ɗaya."

Auta ta gyara wa 'yar zama. "Mama, ba ƙaryata ki nake ba. Amma ke ce fa. Ko sau goma ta yi, kafin in fito daga kicin kin goge, ba wanda zai taɓa sani. Ta yaya zan gane?"

Maganar ta daki Gwaggo, don gaskiya ce. Tsabtar ƙasa ba za ta zame mata shaida ba, ita da ƙasarta kullum a tsabtace take. Shaida ɗaya gare ta a duniya, kuma irin wadda ta yi rayuwarta tana ɓoye wa idon mutane ce. Ta miƙe da ƙyar, ta kama ƙofar ta janyo ta, bayan ƙofar ya bayyana.

"Shigo ki gani."

Ga tiren nan, kwana uku ba a wanke ba. Yashin ya yi duhu-duhu a wurare, ga 'yan tudu biyu na safiyar yau da ba ta kwashe ba, ga sawun ƙananan ƙafafu, ga yashi a warwatse a ƙasa har kusan taki biyu. Gwaggo ta tsaya a gefensa tana nunawa da hannu, kunya na cin ta, amma ba ta sauke hannun ba. Auta ta shigo har tsakar ɗaki. Ta dubi tiren, ta dubi yashin da ke ƙasa, ta dubi tsintsiyar da ke jingine can nesa. Ta ja numfashi.

"Mama, ɗakinki yana wari."

Ba a taɓa gaya mata haka ba tunda take. Ta ji maganar har cikin ƙashinta.

"Na sani," ta ce. "Ki bar mini ita."

Auta ta juya ta dubi gadon uwarta, zanen a ja, ba ko layi ɗaya, sai wani ɗan lotsawa a tsakiya inda Toka ke kwance, da gashinta a kan farin zanen. Ta matsa a hankali ta zauna a bakin gadon. Ta ɗan yi jim kamar mai jiran a ce ta tashi. Sannan ta sauke Kumatu a kai, ta ɗaga ƙafafunta, da ƙurar falo da komai, ta kwanta a gefe ta dunƙule.

"Kin san tun ina ƙarama nake son in hau gadonki?" ta ce, fuskarta a cikin matashin. "In na dawo daga makaranta sai in tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Tsoro nake ji kada in ɓata."

Gwaggo ta tsaya riƙe da ƙofa. Kumatu ta kama zanen gadon da hannu biyu ta tattaro shi ta cusa a baki, miyau na zuba.

Daga falo Direba ya yi gyaran murya. "Mama, kwalin fa? In tafi da shi ne?"

"Ka tafi da shi," in ji Auta, ba ta ɗago ba. "Shi kaɗai."

Gwaggo ta saki ƙofar, ta tako ta cikin yashin, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta. Ta zauna a ɗan wurin da suka rage mata a bakin gadon, ta ɗora babban hannunta mai kaushi a kan 'yarta, ta bar shi a nan.